Akwatin Arduino da na kai fadamar Argungu

Cikin watan Nuwamba direban motar Kano ya kira ni da magariba, wai in zo tasha in karɓi saƙona kafin ya tafi masauki. Na iske kwalin taliya an naɗe shi da salatif kamar gawar fir'auna, a ciki kuma ga akwatin roba mai hawa biyu, irin wanda mata ke zuba zare da allura, cike da kayan Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake koyon sarrafa na'ura da shi. Wani mai shago a Sabon Gari ne ya aiko min, ta WhatsApp muka yi ciniki, ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau. Kuɗin, da na mota da komai, ya tasam ma na buhun taki ɗaya. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abokan karatuna uku sun tambaye ni ko su saya, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Ina koyarwa a wata kwalejin fasaha a nan Kebbi, ina kuma digiri na biyu a fannin mekatroniks. Da babbar difloma ta HND na fara, don haka sai da na bi ta PGD, difloma ta share fagen mastas, kafin a ɗauke ni mastas, kamar yadda ake yi wa irinmu. Duk wanda na gaya wa sunan fannin sai ya ce kanikanci ne ko lantarki? Duka biyun ne, a haɗa da kwamfuta da ilimin sarrafa na'ura ta riƙa gyara kanta da kanta. Wani injiniyan kamfanin Yaskawa na Japan, Tetsuro Mori, shi ya ƙago kalmar a 1969. A Arewa akwai sashen a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Shekarar farko ta tafi a aji: lissafin sarrafawa, PID (dabarar da na'ura ke gyara kuskurenta da kanta), zane a manhajar MATLAB har ido ya yi ja. Da aka zo kan aikin bincike sai na dawo gida, ɗakin gwajin jami'a kuma ya yi min nisan kwana a hanya. Dole in yi nawa a kan teburin cin abinci.

Aikin da na zaɓa na shinkafar rani ne. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin, ta daɗe tana yaɗa wata dabara: maimakon fangali ya zauna cike da ruwa kullum, a bar shi ya tsotse, sai ruwan ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa sannan a sake cikawa zuwa kamar santimita 5 a sama. Ana gane haka ne da fayif mai huji-huji da ake kafawa a gonar, manomi ya leƙa ya ga inda ruwa ya tsaya. Sun ce ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, sai dai lokacin da shinkafa ke fitar da kai ba a yi mata wannan wasa. Nawa shi ne in sa na'ura ta yi leƙen, ta kunna famfo, ta kashe, ta rubuta abin da ta gani. Gonar gwaji ta kawuna ce a fadamar Argungu, irin shinkafa FARO 44 yake dasawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya gaji da jarkar fetur ya sayi famfon sola.

To, ga abin da ke cikin akwatin. Allon Arduino samfurin Uno ɗaya, allon gwaji mai ramuka, damin 'yan wayoyi kala-kala, ƙaramin allon rubutu mai layi biyu, rile mai shuɗin kai (makunnin da allon ke kunna babbar wuta da kashe ta da shi), sensar danshin ƙasa mai ƙafa biyu kamar cokali mai yatsu, sensar zafi da laima DHT11, sensar nisa HC-SR04 mai ido biyu kamar mujiya, 'yan motoci ƙanana guda biyu, fitilu da rezisto cikin leda ba adadi. Akwai faifan CD na darussa, wanda ban san inda mai haɗa kayan yake zaton zan zura shi ba, don rabon da in ga laftof mai bakin faifai an jima.

Allon ba na asali ba ne, kuma mai shagon bai ɓoye min ba, wannan na yaba masa. Arduino a garin Ivrea na Italiya aka fara shi a 2005, don ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba, kuma masu shi sun saki zanensa kowa ya gani, shi ya sa masana'antun Sin ke buga irinsa kamar ƙosai. Ƙwaƙwalwar dai iri ɗaya ce, ATmega328P mai gudun megahaz 16, da ƙafafun dijital 14 da na analog 6. Inda aka rage kuɗi shi ne guntun da ke magana da kwamfuta: na kwaikwayon CH340 ne, sai ka sauke masa manhajar da ake kira direba kafin laftof ta san da zamansa. Daren farko na kai ƙarfe ɗaya ina zagin mutumin Kano a zuci, ashe wannan ne kawai. Da na sauke, fitilar ƙafa ta 13 ta fara ƙyaftawa, na ji kamar an yi min bushara da ɗa namiji.

A kan tebur ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Wata guda na yi ina wasa da shi bayan sallar isha'i, kuma abin da na haddace a aji don jarrabawa sai a nan ya shiga kaina. PID da muka yi ta zana wa lanƙwasa a kwamfuta, ran da na ga ƙaramar mota tana rawa hagu da dama saboda na cika mata lamba ɗaya, ran nan na gane abin da malaminmu yake ta faɗa wata uku. Ƙwaƙwalwar aikin Uno kilobayit 2 ce kacal, wato ko saƙon gaisuwar Juma'a da ake turowa a waya ya fi ta nauyi, kuma wannan ƙuncin shi ke koya wa mutum tsimin rubutu. In don koyo ne, kuɗina ya fita tun kafin Disamba ta ƙare.

Sai muka shiga fadama a ƙarshen Janairu, mako biyu bayan dashe.

Kawu ya tsaya da hannu a baya yana kallona ina kafa fayif. Ya ce, “Kai ɗan nan, shekara arba'in ina noman shinkahwa ban taɓa tambayar akwati ko gona na jin ƙishirwa ba. Kuma rana kyauta ta, mi za ka tattala?” Na ce, “Kawu, rana kyauta ce, amma rijiya ba kyauta ba ce. Ku da kanku kuka ce in Afirilu ta yi famfo shaƙar iska yake. Kuma in wannan fangali ya rage sha, sai a juya tiyo zuwa na gabas wanda har yanzu fetur kuke ƙona masa.” Bai ce na yi gaskiya ba. Ya dai ce kada in taka masa kunya.

Abin da ya fara mutuwa shi ne sensar danshi mai ƙafa biyu. Kwana tara ta yi. Da na zaro ta daga laka, ƙafa ɗaya ta cinye ta koma kore-kore, jan ƙarfen ya narke kamar an jiƙa kanwa. Dalilin a fili yake: wuta take turawa ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan ƙafa zuwa waccan don ta auna, kuma wuta mai tafiya gefe ɗaya in ta haɗu da ruwa mai gishirin taki, cin ƙarfen take. A tukunyar fulawa ta ɗaki za ta yi wata da watanni, a fadama kuwa abincin laka ce. Na aika aka kawo min mai aiki da kafasita, wadda ba ta da ƙarfe a waje. Ita ma gefunanta a buɗe suke, ruwa na iya shiga ta nan, don haka na ɗauki jan farcen uwargida na shafe gefen da shi hawa uku. Har yau maganar ba ta mutu a gidan ba, amma sensar ta kai girbi.

DHT11 kuwa ba ta mutu ba, ƙarya kawai take yi da fuska a sake. An yi ta ne don zafi daga 0 zuwa 50 da laimar da ba ta gaza kashi 20 ba. Wanda ya san hunturun Kebbi ya san iska na bushewa ƙasa da haka, har leɓe ya tsage, ita kuwa sai ta tsaya a lamba ɗaya kamar agogon da batirinsa ya ƙare. Da Maris ta shigo, cikin akwatin da ke rana ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Duk ɗalibin da zai sa alkalumanta a kundin mastas, ya shirya amsa tambaya ranar kare aiki. DHT22 ta fi ta nesa ba kusa ba, tana kai wa 80 a zafi, kuma bambancin kuɗinsu bai kai na kwanon shinkafa biyu ba.

Batun rile, laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina. A jikinsa an rubuta amfiya 10, famfon Kawu bai kai haka ba, sai na yanke wayar da ta taho daga farantan sola na bi da ita ta cikinsa. Ban karanta layin ƙasa da kyau ba. Amfiya 10 ɗin a bolt 250 na wutar NEPA ce, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, tartsatsi na tashi yana mutuwa da kansa. A wutar sola mai tafiya gefe ɗaya iyakarsa bolt 30, farantan Kawu kuma sun ninka haka fiye da sau biyu. Kwana na uku rile ya zo buɗewa, tartsatsi ya kama bai saki ba, bakinsa ya narke ya liƙe. Famfo ya yi ta zuba tun hantsi har la'asar. Na iso na tarar ruwa ya karya kunya ya shiga gonar maƙwabci wanda ya watsa taki jiya-jiya. Kawu bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya miƙo min fartanya kawai, na tuɓe takalmi na shiga tabo har gwiwa, mai digiri ɗaya da rabi yana toshe kunya, yara masu korar tsuntsu suna dariya. Da dare na bi Kawu muka je ba maƙwabcin haƙuri, da rabin buhun taki a bayan babur.

Wanda ya fitar da ni wani mai naɗin kwayil ne a cikin garin Argungu, wanda ko sakandare bai gama ba, shi ke gyara wa rabin fadamar sumo. Na kai masa rilen da ya ƙone, ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya ce, “Malam, wa yac ce ka yanke babbar waya?” Ya ɗauko wata kwanturolar famfo daga ƙarƙashin benci ya buɗe murfin, ya nuna min wasu 'yan ramukan sukurori a gefe da bakin sukundireba. Wurin da ake ɗaura bulo ɗin tanki ne, wanda in tanki ya cika yake gaya wa famfo ya tsaya. Wutar da ke bi ta nan ba ta kai ta kunna tocila ba. “Ka sa abinka nan, ya yi mata ƙaryar tanki ya cika. Ita ta san yadda za ta kashe kanta.” Na ce, “Maigida, wannan ai ba a koya mana ba.” Ya ce ai su ma ba a koya musu ba, ƙonawa suka yi ta yi har suka gane. Sabon rile irin wancan dai, na cikin shagonsa, shi ya yi aiki har ƙarshen rani bai ko yi ɗumi ba. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai na sa sunansa a shafin godiya na kundina, shi kuma ya ce in dai ba za a zo karɓar haraji da shi ba, to.

Sensar nisa ita ce zuciyar aikin, kuma a kanta na fi daɗewa. Tana sakin ƙara mai kilohaz 40 wadda kunne ba ya ji, ƙarar ta bugi ruwa ta dawo, a lissafa lokacin a samu nisa. Takardarta ta ce daga santimita 2 zuwa mita 4, kuma a tebur haka ne. Amma misalan da ke yawo duk sun ɗauka gudun sauti mita 343 ne a daƙiƙa, wanda gaskiya ne a zafi 20. A zafi 40 ya kai wajen 355. A fayif ɗina, inda nisan ke kai wa rabin mita, wannan kuskuren kusan santimita 2 ne, ni kuma duk rigimar a kan santimita 15 ake yi. Sai na ga ruwa “yana hawa” da azahar alhali ba wanda ya zuba. Da na sa lissafin ya riƙa duba zafi kafin ya yanke hukunci, layin ya miƙe. Wannan gyaran shi ya zama babi na huɗu, kuma shi ne kaɗai wurin da mai duba aikina ya rubuta “madalla” a gefe.

Abin da lissafi bai hango ba shi ne kwaɗo. Wata safiya cikin Maris Kawu ya kira ni tun ban karya ba: “Wagga na'ura taka ta yi kwana. Gona ta tsage, ita ko ta ce a ƙoshe take.” Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ba a cika awa ba, amma ran nan na ga tsawon hanya. Allo na nuna ruwa na nan santimita 4 ƙarƙashin ƙasa, ƙasa kuwa ta dare har yatsa na shiga. Na cire murfin fayif na haska tocilar waya. Ga shi nan, ƙato, ya maƙale a jikin fayif can sama da ruwa, inda sanyi yake, maƙogwaro na bugawa, yana kallona kamar ni ne baƙo. Kwana biyu na'urata tana auna bayan kwaɗo tana rubutawa a katin ajiya da lamba biyu bayan ɗigo. Kawu ya leƙa, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba tun rasuwar Inna, har ya zauna a kan kunya. Na ɗaure bakin fayif da ragar gidan sauro. Bayan mako biyu kuma zanzaro ya gina ɗaki a cikin ido ɗaya na sensar. Daga nan na saduda, na sa bulo biyu irin na tanki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ke ba da umarnin kunnawa da kashewa, mai ido biyu kuma aka bar ta da aikin rubuta rahoto.

Sauran a taƙaice. Allon gwaji da 'yan wayoyinsa kada su bar ɗaki. Ƙurar hunturu da girgizar babur sun isa su sassauta su, sai ka rasa wace ce cikin talatin. Da dalma na liƙe komai a kan allo mai huji. Ƙaramin allon rubutu yana baƙi ƙirin in rana ta doke shi, ya dawo da yamma. Kada a ba Uno wutar batirin sola kai tsaye, don batiri mai bolt 12 yana haura 14 in yana caji, ɗan guntun da ke rage ta zuwa 5 kuma da zafi yake zubar da ragowar, har ba ya taɓuwa. Ƙaramar na'urar rage wuta ta LM2596 ta raba wannan gardama. Mazubin da ya fi min duk wanda na gwada kuwa farar kular abinci ce, na huda mata ƙasa, na ɗora ta a kan turke, na yi mata rumfar zana.

Shi allon Uno na kwaikwayo, wanda na fi zargi tun ranar farko, ko sau ɗaya bai ba ni kunya ba. Ya sha zafin Afirilu, ya sha ƙura, kiyashi sun yi gida a ƙarƙashinsa. Sau ɗaya ya tsaya, a kwana na 50, kuma da na bincika ni ne. Agogon cikinsa yana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, in ya kai kwana 49 da awa 17 sai ya cika ya koma sifili, ni kuma na rubuta kwatancen lokaci ta hanyar da ba ta jure wannan juyi. Wanda gwajinsa na awa biyu ne a gaban malamai ba zai taɓa cin karo da wannan ba. Shinkafa kuwa wata huɗu take so.

Mai shagon Kano, a nasa ɓangaren, yana ɗaukar waya, kuma sau biyu yana sa min kaya a motar safe su iso a ranar. Inda ya gaza shi ne shawara: duk abin da ka tambaya “yana yi” ne, ko da ka ce a cikin kogi za ka jefa. Ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba, kuma ban riƙe shi da wannan ba.

Ga abokaina uku: ku saya, amma ku san kun sayi aji ne, ba kayan gona ba. Ku ware kusan rabin kuɗinsa a gefe don sensar danshi mai kafasita, da DHT22, da na'urar rage wuta, da agogon DS3231 da mazubin katin ajiya in kuna son alkaluman da za ku iya tsayawa a kansu, don nawa akwatin bai zo da su ba. Wanda aikinsa ke buƙatar intanet ko lissafi mai nauyi ya tsallake zuwa allon ESP32, sai dai ya tuna ita bolt 3.3 take ci, ba 5 ba. Wanda kuma zai taɓa famfo ko wata babbar mota, ya fara kai zanensa wurin mai naɗin kwayil na garinsu kafin ya kai wa farfesa.

An yi girbi a farkon Mayu. Fangalin gwaji da na kusa da shi ba su bambanta a buhu ba yadda ido zai gani, awoyin famfo kuwa sun ragu, adadin yana cikin kundi kuma ba zan faɗe shi a nan ba sai an sa min hannu. Kawu ya ce baɗi in kawo guda biyu, ɗaya a gabas. Amma jikansa ya tsegunta min cewa duk tsawon ranin, kullum bayan asuba sai tsohon ya je ya kwance ragar, ya zura karan dawa a fayif ya duba inda ya jiƙe, sannan ya mayar ya ɗaure yadda ba zan gane ba.